Tukunyar Gwaggo da Littafin Ustaz: Nazarin Saɓanin Wata Takiyya a Gadarif

A tsakiyar Disambar 2023 yaƙin Sudan ya iso Wad Madani, babban birnin jihar Jazira. Tun da aka fara ɓarin wuta a Hartum ranar 15 ga Afrilun shekarar, Madani ce ta zama mafakar masu gudu, saboda haka da dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga garin, mutane da yawa gudu na biyu suka yi. Dubban ɗaruruwa suka bar jihar Jazira cikin 'yan kwanaki. Wasu suka yi kudu wajen Sinnar, wasu suka yi gabas, suka bi ta Fawo har Gadarif, tafiyar da ta haura kilomita 200. Makarantun Gadarif, waɗanda dama yaƙi ya rufe, suka cika da iyalai.

Wannan rubutu bibiyar abu ɗaya ne da ya faru a wata unguwar Hausawa a Gadarif: tukunyar ciyar da baƙi da aka ɗora a tsakar gidan wata dattijuwa, ta bunƙasa har ta zama takiyya, wato wurin girka wa mabukata abinci kyauta, mai kwamiti da ma'aji, sannan ta kusa mutuwa a kan buhu uku na dawa da ba a gani a littafi ba. Na sakaya sunan unguwar da na mutanen, tunda maganar ta rufin asiri ce. Ɗalibin da ke shekarar farko a ilimin zamantakewa zai tarar da kusan duk ire-iren rukunan jama'a da ake koya masa a cikin wannan tsakar gida guda. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dangi da maƙwabtan nan sun wayi gari suna cikin rukuni biyu a lokaci ɗaya, kowane rukuni da dokarsa, kuma kowa yana hukunta ɗan'uwansa da dokar da shi ɗan'uwan bai san ta hau kansa ba.

Unguwar kafin baƙi su zo

Hausawan Sudan ba baƙin jiya ba ne. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kawo su: mutum ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana yada zango yana noma ko fatauci don haɗa guzuri. Wani ya isa Makka, wani kuma zangon ya zame masa gida. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa, har ya kafa garin Maiwurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Da aka buɗe gandun audugar Jazira a 1925, aka buƙaci hannaye, Hausawa da yawa suka zauna a kanabi, matsugunan 'yan ƙwadago da ke gefen ƙauyuka. Gadarif kuwa noman dawa da riɗi da tarakta, wanda ya kankama tun shekarun 1940, shi ya ja su. Shi ya sa za ka sami zuriya ɗaya a warwatse: kaka a Maiwurno, ƙane a kambo (tilon kanabi) a Jazira, 'ya tana aure a Gadarif, ɗa yana tsaron shago a Jidda.

A unguwar da muke magana a kai, zama ya riga ya tsaru tun kafin yaƙi. Akwai majalisar dattawa a rumfar masallaci bayan la'asar. Akwai adashin mata, wanda a can suke ce wa sanduƙ. Akwai samarin da ke fita yankan riɗi tare duk kaka, da makarantar allo, da gidaje masu ƙofa a buɗe tsakanin juna. Irin waɗannan su ne Ba'amurke Charles Cooley ya kira rukunin farko a 1909: mutane kaɗan, masu ganin juna ido da ido, waɗanda zamansu ya daɗe, kuma ba wata manufa guda ce ta haɗa su ba, zaman kansa shi ne manufar. A irin wannan rukuni ana sanin mutum gaba ɗayansa, da uwarsa da ubansa da halinsa. Ba a ba da rasit. Amana da kunya su ne 'yan sanda.

Yadda tukunyar ta hau wuta

Baƙin farko dangi ne, sai suka narke cikin gidaje. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum takwas ya koma tuƙa na ashirin, ba wanda ya ce uffan. Waɗanda ba su da kowa suka sauka a makarantar firamare ta bakin unguwa, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba.

Mutanen makarantar nan a kwanakin farko ba rukuni ba ne a ma'anar ilimin zamantakewa. Tarin mutane ne kawai da wuri ɗaya ya haɗa, irin na tasha. Sunan da ake kiransu da shi, nazihin, shi ma suna ne na duk wanda yaƙi ya raba da gidansa, ko ya san ɗan'uwansa ko bai sani ba. Amma ba a yi nisa ba suka fara zama rukuni, kuma ruwa da bayan gida ne suka fara haɗa su. Aka tsara layin famfo, aka ware lokacin mata da na maza, kowane aji ya fitar da mai magana da yawunsa, aka san wanda ke tsaron ƙofa da dare. Da zarar mutane sun fara sa ran wani abu daga juna, kuma suna iya cewa "mu 'yan makaranta", to rukuni ya haihu.

Dattijuwar, wadda zan kira Gwaggo kamar yadda rabin unguwar ke kiranta, ita ce uwar adashi shekara da shekaru. Ta tara matan, aka yarda a dakatar da ɗauka, abin da aka zuba a sayi dawa da adas (wani irin ƙananan wake) da mai da albasa. Gayya ce tsantsa, wadda maƙwabtansu Larabawa ke kira nafir. Da asuba mata sun hallara, an kafa murhun duwatsu, an aro manyan tukwane wajen mai girkin biki. Wannan na tsince adas a faifai, wancan na yanka albasa tana share ido da gefen zane, mata biyu na karɓa-karɓar muciya domin tuwon babbar tukunya ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakin ajiya, mabuɗi ɗaure a bakin zanenta, tana auna hatsi da mudu da ido. Kafin azahar samari sun ɗora bokitai a keken jaki sun nufi makaranta. Ba wanda ya naɗa ta. Da wani ya tambayi wane ne shugaba, da an yi masa dariya.

Littafi ya shigo

Kuɗin adashi ba zai ciyar da makaranta guda har abada ba. 'Yan unguwar da ke Jidda da Makka da Riyad suna da zauren WhatsApp da a da ba a komai a cikinsa sai sanar da haihuwa da rasuwa da tura wa'azi. Sai zauren ya koma wurin tara gudummawa. Kuɗin na zuwa ta manhajar Bankak, wadda a lokacin yaƙi ta zama jijiyar hada-hadar mutane, saboda haka dole a sami mai asusu, mai iya lissafi. Aka zaɓi wani malamin lissafi na sakandare, Ustaz, wanda albashinsa ya daɗe da tsayawa. Ɗan wan Gwaggo ne. Aka kafa kwamiti, lajna a bakinsu, da shugaba da sakatare da ma'aji. Duk Juma'a Ustaz ya ɗauki hoton shafin littafi ya tura zaure: abin da ya shigo, abin da aka saya, yawan kwanukan da aka raba.

Wannan shi ne rukuni na biyu, sunan da masana bayan Cooley suka ba shi. Manufa ɗaya ce ke haɗa mutanensa, muƙami ake kallo ba mutum ba, doka a rubuce take, kuma in ma'aji ya tafi gobe za a sa wani a kujerarsa aiki ya ci gaba. Bajamushe Ferdinand Tönnies ya riga ya bambance waɗannan zamantakewa biyu tun 1887, zaman jini da maƙwabtaka a gefe ɗaya, zaman yarjejeniya da lissafi a ɗaya gefen. Ana yawan koyar da shi tamkar ƙauye ne da birni, ko jiya da yau. A nan kuwa duka biyun a gida ɗaya suke, ƙofar ɗakin ajiya ce kawai tsakaninsu.

Kada a raina littafin nan. Zauren ya faɗaɗa, an shigar da mutanen da ba su taɓa taka Gadarif ba: abokin aikin wani a shago, maƙwabcin wani a Jidda, wani Bakano da ya ji labari ya tausaya. Waɗannan ba su san Gwaggo ba, ba su san wanda ta goya ko wanda ta aurar ba. Hoton shafin Juma'a shi ne kaɗai abin da suke riƙe da shi.

A farkon Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan Sudan. Kuɗi na asusu, ba halin taɓa su. Takiyyoyi da yawa a faɗin ƙasar suka shiga uku a wannan lokaci. Wanda ya ceci wannan ba ɗan kwamiti ba ne, ba kuma dangin kowa na kusa ba. Wani dillalin riɗi ne a kasuwar amfanin gona, mutumin da ba ya zama a majalisa sosai domin kullum yana kasuwa. Ya je wajen wani attajirin hatsi da ba Bahaushe ba, wanda tsakaninsu sanin shanu ne da 'yar gaisuwar ciniki, ya karɓo dawa bashi a kan fuskarsa. Mark Granovetter ya yi bayanin irin wannan a 1973: na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani, abin da ka rasa su ma sun rasa, amma wanda kuka yi sanin shanu da shi yana tsaye a wata da'ira dabam, ta hannunsa ne sabon labari da sabuwar dama ke shigowa. Sai dai bashi yana da nasa sharaɗi. Dawar da aka ci bashi dole a san adadinta, domin za a biya.

Buhu uku

Da layi ya dawo, Ustaz ya zauna ya daidaita lissafi. Buhu uku na dawa da jarka biyu ta mai sun fita daga ɗakin ajiya, ba su bi ta tukunya ba. Ya rubuta a zaure: "Assalamu alaikum. Bayan lissafi an sami buhu uku na dawa da jarka biyu ta mai da suka fita ba a rubuta ba. Muna bincike." Bai ambaci sunan kowa ba. Amma har yaron goye a unguwar ya san a bakin zanen wa mabuɗin yake.

Me ya hana shi tambayarta tukuna, alhali gidanta taku kaɗan ne daga nasu? Nan ne lamarin ya fi ba ni sha'awa. Kunya ce ta hana shi. Yaro ba ya tsayawa gaban ƙanwar ubansa ya ce ina buhu. Rubuta saƙo mai sanyi, marar suna, irin na ofis, ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Wato dokar rukunin farko ce ta kore shi ya fake da hanyar rukuni na biyu, hanyar kuma ta haifar da cin fuskar da yake gudu, har ma ta ninka shi, tunda yanzu Jidda ma ta ji. Masana na kiran wannan karon matsayi: mutum ɗaya ne ɗa kuma ma'aji, abin da ɗa ya kamata ya yi shi ne abin da ma'aji bai kamata ya yi ba.

Sai bayan isha ya shiga gidanta, da labari ya riga shi isa. Ya tsugunna daga bakin ƙofa.

"Gwaggo, ina wuni."

"Lafiya."

"Gwaggo, wallahi ba zarginki nake ba. Sunayen waɗanda aka ba kawai nake so in rubuta."

"Ɗan nan, ni na goya ka. Gidajen da na kai wa, da suna so a san su da sun ɗauki kwano sun bi layi kamar kowa. Je ka rubuta sunana, ka ce ni na ci."

Ta kwance mabuɗin ta ajiye masa a kan tabarma.

Dawar gidajen unguwa ta kai wa. Gidajen nan masu baƙi ashirin, waɗanda ba sa cikin jerin nazihin domin ba su gudo daga ko'ina ba, amma rumbunsu ya ƙare tun Janairu. Akwai telan da ɗinki ya tsaya masa, akwai bazawarar da 'yan'uwan marigayin mijinta suka sauka a wurinta. Magidanci irin wannan ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi da kwano a layin makaranta. Gwaggo ta san su ɗaya bayan ɗaya, domin uwar adashi ita ke fara sanin wanda zubi ya gagara. Da dare take aika jikarta da ƙullin dawa a ƙarƙashin hijabi.

Kowannensu yana da waɗanda yake auna kansa da su, abin da Herbert Hyman ya kira rukunin ma'auni a 1942. Ba dole mutum ya kasance cikin wannan rukuni ba, ya isa ya riƙa tambayar kansa: da su ne, ya za su yi? Ustaz yana kallon matasan ɗakunan agajin gaggawa na Hartum, wato 'yan sa-kai masu ciyar da unguwanni a lokacin yaƙi, da ma'aikatan ƙungiyoyin jin ƙai, waɗanda mutuncinsu a wurin masu bayarwa ya rataya a kan lissafi mai tsafta. Gwaggo tana kallon iyayenta mata da suka riƙe unguwar kafin ita, da karantarwar da ta tashi a kai, cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda hagu bai san abin da dama ya bayar ba. Duka biyun amana suke karewa. Shi amanar mai bayarwa, ita amanar mai karɓa.

Rikicin bai zo da hayaniya ba. Washegari mata ba su fito ba. Wannan ta aiko cewa bayanta ke ciwo, waccan ta ce baƙi gare ta, wata ta ce maigida bai ba ta izini ba, maigidan da jiya shi ke kawo itace. Ƙauracewa ita ce makamin rukunin farko, kuma tana da kaifi domin ba ta barin abin kamawa. Samari suka ce su za su girka. Tuwo ya fito da gudaji, adas ya kama, abin da aka kai makaranta bai kai rabin na kullum ba.

Mu da su

Da abinci ya yi ƙaranci sai wata magana ta taso da ba a taɓa yi a fili ba. Wasu samari suka ce a fara ba namu, in ya ragu a ba sauran. Hujjarsu ba daga sama ta faɗo ba. A Yulin 2022 an yi rikici a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe sama da mutum 100, a Oktoba kuma aka sake wani a Wad al-Mahi. Hausawa sun yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum. Samarin suka ce ran da aka kore mu wa ya ɗora mana tukunya?

William Sumner ya yi magana a 1906 a kan rukunin "mu" da rukunin "su", da yadda ƙaunar na ciki ke tafiya tare da zargin na waje. Ibn Khaldun ya riga shi da ƙarnuka, tun 1377, da bayanin asabiyya, ƙarfin haɗin kan da ke riƙe jama'a ta tsaya wa junanta. Asabiyyar nan ce ta buɗe gidajen unguwa ga baƙi a Disamba, ita ce kuma ta so rufe tukunya ga wasu a Fabrairu. Abin lura shi ne iyakar "mu" ba a wuri ɗaya take tsaye ba. A cikin makaranta akwai jikokin Hausawan kanabi da Larabci ya fi kama bakinsu, 'yan unguwa na ce musu mutanen Jazira. A idon wasu mutanen gari kuwa duk Fallata ne, wato 'yan asalin Afirka ta Yamma, ba bambanci. Da za a fara tantancewa a bakin bokiti, da an rasa inda za a tsaya.

Dillalin riɗin nan ne ya kashe maganar a rumfar masallaci. Ya ce da babbansu, "Yaro, tuwon da ke cikinka yanzu, dawar wane ce? Mutumin da ya ba ni ita bashi bai tambaye ni ƙabilar masu ci ba. Kana so in koma in gaya masa mu mun tambaya?" Liman ma ya yi wa'azi a kai, amma a ganina maganar dillali ta fi cin jiki, domin ta nuna musu igiyar musaya da ta riga ta ɗaure su da waɗanda suke kira "su".

Na uku

Saɓanin Gwaggo da Ustaz ba zai warware tsakaninsu su biyu ba. Georg Simmel ya lura cewa zaman mutum biyu shi ne mafi rauni cikin rukunai, domin in ɗaya ya janye shi ke nan, kuma ba wanda zai ɗauki magana daga wannan ya kai wa wancan a sassauce. Shigowar na uku tana canza komai. Amma Simmel ya ce na ukun iri-iri ne: akwai mai sulhu, akwai kuma mai cin ribar faɗan. An sami duka biyun a nan. Wani ɗan kwamiti ya riƙa zirga-zirga, ya je wa Gwaggo da cewa yaron nan ya raina ta, ya koma wa Ustaz da cewa tsohuwa ta mai da kayan jama'a nata, a ƙarshe ya ba da shawarar a mai da tukunya da ɗakin ajiya gidansa. Shawarar ce ta tona shi.

Mai sulhun liman ne, kuma azumi ne ya matsa masa lamba, domin Ramadan zai kama ranar 11 ga Maris, kuma a Sudan abin kunya ne babba unguwa ta kasa fitar da farantan buɗa-baki kan titi. Bai tara su wuri ɗaya ba. Ya fara zuwa wurin Gwaggo ya saurare ta, ta ambata masa gidajen shi kaɗai. Sannan ya kira mahaifin Ustaz, ba Ustaz ba. Uban ne ya tasa ɗansa gaba zuwa gidan ƙanwarsa, da sukari da ganyen shayi a hannu, yaron ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ustaz ya ce zai rubuta neman afuwa a zaure, Gwaggo ta ce kada ya kuskura ya sake sa ta a waya. Sai liman ya yi saƙon murya da bakinsa, ya ce ya bi kayan, ya san inda suka shiga, sun shiga inda ya dace, kuma shi ne shaida.

Abin da aka tsayar shi ne a buɗe sabon layi a littafi mai suna gidajen rufin asiri. Kwamiti ne zai yanke yawan mudun da zai fita ta wannan layi duk mako, a rubuta adadin, sunaye kuwa Gwaggo da liman kaɗai za su sani. Mabuɗi ya koma bakin zanenta, amma duk Alhamis za a ƙirga buhuna a gaban ma'aji. Robert Park da Ernest Burgess a 1921 sun jera manyan hanyoyin cuɗanya huɗu: gasa, rikici, sasantawa, da sajewa. Wannan sasantawa ce, ba sajewa ba. Gwaggo ba ta yarda littafi ya fi ido ba, Ustaz bai yarda a bar kaya ba lissafi ba. Kowa ya sami inda zai tsaya ba tare da ya ture ɗayan ba.

Sulhun bai zo kyauta ba. Wasu masu bayarwa sun janye. Wani daga Riyad ya rubuta cewa shi don 'yan gudun hijira ya bayar, ba don mazauna gari ba, kuma ba a tambaye shi ba kafin a juya kuɗinsa. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, kuma a nan nake ganin Gwaggo ma tana da nata laifin. Ran da kuɗin baƙi suka fara shiga ɗakinta, kayan sun daina zama na adashinta, ko da mabuɗin bai canza hannu ba. Da ta faɗa wa liman ko shugaban kwamiti tun farko, ba tare da suna ba, da ba a kai nan ba. Laifin Ustaz kuwa ba tambayar ba ce, ƙofar da ya bi da ita ce.

Bayan haka

A ƙarshen Yunin 2024 Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗa hannun RSF, wani sabon ayari ya iso Gadarif daga jihar Sinnar, a cikinsu har da mutanen Maiwurno. Damina ta sauka, a Agusta aka sanar da ɓarkewar kwalara. A nan littafin Ustaz ya yi ranarsa, domin wata ƙungiyar agaji da ta zo neman waɗanda za ta yi aiki da su ta tarar da jerin sunaye da lissafin watanni a shirye. Amma ƙungiyar ta ƙi amincewa da layin da ba shi da sunaye, kuma bisa dokarta tana da gaskiya. Sai kayan suka rabu gida biyu: na ƙungiya ya tafi makaranta bisa jeri da sa hannu, gudummawar 'yan unguwa ta ci gaba da bin hannun Gwaggo da shaidar liman.

Bayan sojoji sun koma Wad Madani a Janairun 2025, baƙi suka fara komawa, tukunya ta ragu har aka sauke ta. Wasu ba su koma ba. An ɗaura aure tsakanin 'yan makaranta da 'yan unguwa, wasu matan Jazira sun shiga adashi, 'ya'yansu na makarantar allo, Hausarsu na dawowa baki. Wannan ce sajewar da Park da Burgess suka sa a ƙarshen jerinsu, ga shi ta faru a gefe, ba tsakanin waɗanda suka yi faɗan ba.

Kwamitin bai rushe ba, kuma yanzu gardamar da ke gabansa ita ce ta rajista. Matasa na so a yi masa rajista da hukuma ya zama ƙungiya mai hatimi da asusun banki na kanta, domin ta haka ne manyan masu tallafi ke sakin kuɗi, kuma kuɗin jama'a zai bar asusun mutum ɗaya. Dattawa na jan ƙafa, suna cewa ƙungiya mai rajista dole ta buɗe wa mai bincike kowane layi na littafinta, har da wanda aka sha wuya kafin a rufe. Ustaz na tare da matasa, amma ya kawo shawarar a bar gidajen rufin asiri a hannun adashin mata gaba ɗaya, ƙungiya kada ta taɓa su. Matan sun ce sun ji, sai dai a fara gaya musu daga ina dawar za ta riƙa fitowa in duk kuɗin Jidda sun koma asusun ƙungiya.